Mutum ɗaya a jirgi, wata goma a teku: jarumta ce ko ganganci?

Abban Sultan, Pantami:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau ba siyasa ba farashin masara, wani abu ne daban nake so mu tattauna. Akwai mutanen da suke shiga ƙaramin jirgin ruwa su kaɗai, jirgin ma ba inji ke jan shi ba, iska ce ke tura ƙyallen da aka ɗaure a doguwar sanda, su keta teku sati uku, wata biyu, wani har wata goma bai taka ƙasa ba. Wanda ya fara zagaye duniya a haka ba tare da ya tsaya ko'ina ba wani ɗan Ingila ne, Robin Knox-Johnston. Ya tashi daga Falmouth a Ingila ranar 14 ga Yuni 1968, ya dawo 22 ga Afrilu 1969, kwana 312. Jirgin nasa Suhaili bai cika mita 10 ba, wato bai kai bodin tirelar siminti ba. Gasa ce, su tara suka shiga, shi kaɗai ya gama. A hanya jirgin ya fara yoyo ya nutsa da kansa yana toshewa daga ƙasa, tankin ruwan shansa ya gurɓace ya koma tarar ruwan sama, rediyonsa ta lalace aka yi watanni a gida ba a san ko yana raye ba. Ni a ganina ba igiyar ruwa ce babbar matsalar wannan tafiya ba, rashin na biyu ne, babu wanda zai karɓe ka ko na minti biyar. Kuma ni jarumta nake ganinta. Me kuka ce?

Maman Iklima:
Wa alaikumus salam. Malam da girmanka amma ni ban ga jarumta ba wlh. Jarumta ita ce ka shiga haɗari don ceton wani ko neman abin da iyali za su ci. Wannan me ya kawo wa wa? Yana da uwa ai, wata goma tana kwana da fargaba, ita wa ya tambayeta ko ta yarda

Mai Daf, Ashaka:
Ni tambayata ɗaya ce, barci. Mu da muke kan kwalta idan ido ya yi nauyi sai ka samu gefe ka faka, ga yaron mota, ga mai shayi, ka wanke fuska ka ɗan miƙe. Shi ina zai faka? Wa ke riƙe masa sitiyari?

Baba Na Fatakwal:
Mai Daf ka taɓo inda maganar take. Na yi shekaru ina aiki a jiragen da ke kai kaya rijiyoyin mai na cikin teku, ban taɓa tuƙa irin nasu na ƙyalle ba amma ruwan dai ɗaya ne, bari in faɗi abin da na sani.

Babu faki. A tsakiyar teku zurfin ya kai kilomita huɗu, biyar, babu anga (ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgi) da za ta taɓa ƙasa, jirgi tafiya yake dare da rana. Abin da ke riƙe sitiyari wani ɗan allo ne a bayan jirgi da iska ke kaɗawa, an haɗa shi da abin juya jirgin, idan jirgi ya kauce daga yadda aka saita shi da iska sai allon ya karkata ya dawo da shi, ba ya cin batir ko kaɗan. Akwai kuma na lantarki mai bin kamfas amma wannan yana shan wuta, sai da sola. To amma duka biyun ba su da ido. Ba sa ganin jirgin kwantena.

Lissafin shi ne, kana zaune a ƙaramin jirgi idonka mita biyu daga ruwa, babban jirgi za ka fara hango samansa daga kilomita goma sha wani abu, shi kuma yana gudu kilomita talatin da ɗoriya a awa, to tsakanin hango shi da ya iso kanka minti ashirin ne zuwa talatin. Shi ya sa a wuraren da manyan jirage ke bi suke barcin minti ashirin ashirin, agogo ya buga ka leƙo ka duba gabas yamma kudu arewa ka koma ka kwanta, haka har gari ya waye. Idan an yi nisa da hanyar jirage mutum yana ɗan samun awa ɗaya ko fiye. Yanzu akwai na'urar AIS da ke nuna jiragen da ke kusa tana ƙara idan za ku haɗu, ta taimaka sosai, amma kwantenar da ta faɗo daga wani jirgi tana yawo rabinta a nutse ba ta da AIS, haka kifin nan whale da ke barci a saman ruwa.

Kuma in gaya muku daga ɓangarenmu na manyan jirage, da daddare ƙaramin jirgi irin wannan ɗan ɗigon fitila ne kawai yana ɓacewa yana bayyana tsakanin igiyoyi. Tanka tana iya taka shi waɗanda ke ciki ba su ji ko motsi ba.

Mai Daf, Ashaka:
Minti ashirin ashirin har wata goma?? Baba wannan ai ƙwaƙwalwa za ta taɓu. Duk direban dare ya san abin da nake faɗa, akwai matakin gajiyar da za ka ga mutum tsaye a tsakiyar titi da farar riga, ka taka birki da ƙarfi, ka zo wurin babu kowa. Na gani da idona tsakanin Alkaleri da Bauchi, har hannuna yana rawa da na sauko. Kuma wannan barcin dare biyu ne kawai ya taru min

Abban Sultan, Pantami:
Su ma suna gani Mai Daf. Da yawansu sun faɗa da bakinsu cewa suna jin muryoyi ko su ga kamar akwai wani a jirgin. Joshua Slocum, wanda ya fara zagaye duniya shi kaɗai tsakanin 1895 da 1898, shi yana tsayawa a tashoshi, ya ba da labarin wani dare da ba shi da lafiya ya ga mutum tsaye yana riƙe masa sitiyari. Shi ɗin ma a 1909 ya fita teku shi kaɗai ba a ƙara ganinsa ba har yau.

Maman Iklima:
To ka gani. Kai da bakinka. Kuma ka ce su tara, sauran takwas ɗin fa? Ka faɗa mana nasu kar ka tsaya a kan wanda ya dawo ana masa tafi

Abban Sultan, Pantami:
Gaskiyarki Hajiya, ba zan ɓoye ba. Yawancinsu sun janye da ransu, jirage suka lalace, ɗaya nasa ya nitse aka ceto shi. Wani Bafaranshe, Bernard Moitessier, yana kan hanyar da zai iya cin gasar ya ƙi komawa Turai, ya zarce ya ci gaba da zagaye har Tahiti. Mai ban tausayin shi ne Donald Crowhurst. Yana da mata da ƴaƴa huɗu, kasuwancinsa na tangal-tangal, ya ɗora gidansa da komai a kan wannan tafiya, ya tashi a ranar ƙarshe da aka yarda a tashi, 31 ga Oktoba 1968, da jirgin da ba a gama shirya shi ba. Da ya ga jirgin ba zai iya tekun kudancin duniya ba, komawa kuma karayar arziki ce da kunya, sai ya tsaya yana yawo a Atlantika yana aika rahoton ƙarya cewa yana can yana zagaye duniya. A Yulin 1969 aka tsinci jirgin babu kowa a ciki, rubuce-rubucen da ya bari sun nuna hankalinsa ya gushe. Knox-Johnston ya ɗauki kuɗin kyautarsa fam 5,000 ya ba iyalan mamacin.

Maman Iklima:
Innalillahi. Yara huɗu. Da akwai mutum ɗaya kusa da shi da zai dafa kafaɗarsa ya ce ɗan'uwa mu koma gida, bashi ba mutuwa ba ne, da ƙila ya koma. Wannan shi ne abin da nake faɗa tun ɗazu

Malam Na Bolari:
Assalamu alaikum. Na ga ana ta tura min saƙo a gefe in ce wani abu. Maganar Hajiya tana da tushe a addini. Ya tabbata Manzon Allah SAW ya ce da mutane sun san abin da ya sani game da kaɗaici da babu matafiyin da zai yi tafiyar dare shi kaɗai. A wani hadisin kuma ya ce matafiyi ɗaya shaiɗan ne, biyu shaiɗanu ne, uku su ne ayari. Malamai sun yi bayanin hikimar, idan ka yi ciwo wa zai yi jinyarka, idan ka mutu wa zai wanke ka ya sallace ka, idan waswasi ya taso maka wa zai tunatar da kai. Labarin da Abban Sultan ya kawo yanzu ai shi ke nan a aikace. Sannan ga ayar Baƙara ta 195, kada ku jefa kanku zuwa ga halaka.

Amma a yi adalci, ba haramci ba ne kai tsaye a kowane hali. A yaƙin Khandaƙ an tura Zubairu shi kaɗai ya leƙo asirin abokan gaba, haka Huzaifa cikin dare da sanyi. Idan akwai buƙata kuma galibin zato aminci ne, an yi rangwame. Tambayar da ya kamata mai irin wannan tafiya ya yi wa kansa ita ce mene ne buƙatar, kuma iyayensa sun yarda?

Auta:
Allah ya gafarta Malam, to idan Musulmi ne a ciki ya zai yi da salla? Ruwan alwala ma ai matsala ne tunda na sha ma ƙirga shi ake

Malam Na Bolari:
Wannan kam an riga an tambaya tun zamanin Annabi SAW. Wani mutum ya ce muna hawa teku muna ɗaukar ruwa kaɗan, idan muka yi alwala da shi ƙishi zai kama mu, ko za mu yi da ruwan teku? Aka amsa masa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Saboda haka alwala da wanka guga kawai zai zura. Ƙasaru zai yi tunda matafiyi ne. Tsayuwa idan zai iya, idan jirgi na wurgi da shi yana tsoron faɗawa ruwa ya zauna. Alƙibla ya yi ƙoƙarinsa da kamfas da taswira, waɗannan mutane ai sun fi mu sanin inda gabas take. Lokaci kuma da ranar inda yake zai yi aiki, ba da agogon Gombe ba. Sahabbai sun hau jirgi zuwa Habasha, kakanninmu alhazan ƙafa ma bayan sun ratsa Chadi da Sudan jirgin ruwa suke shiga su haye Bahar Maliya. Sai dai su a ayari suke, kar a manta da wannan.

Ummi Nas:
Ni ta ɓangaren lafiya nake kallon abin. Ruwan teku kowace lita akwai gishiri kusan giram 35, ƙoda ba ta iya fitar da shi sai ta ƙara jawo ruwan jiki, shi ya sa mai shan sa ƙishinsa ƙaruwa yake har ya fara sambatu. To ya suke yi da ruwan sha na watanni? Na biyu, ƙaramin abu da muke gyarawa a asibiti cikin awa ɗaya, afendis ko haƙori ya kumbura ko yanka ya ruɓe, a can kisa ne

Baba Na Fatakwal:
Ƴata, ruwa hanya uku ce. Tanki da jarkoki, sai ruwan sama da suke tara da ƙyallen jirgin ya gangaro cikin bokiti, sai injin tace gishiri, akwai na lantarki akwai na hannu da za ka yi ta bugawa kafin ka samu kofi. Wanki da wanke-wanke duk da na gishiri, har dafa shinkafa wasu suna ɗan surka shi maimakon zuba gishiri. Abinci gwangwani ne da busasshen abinci da ake zuba wa ruwan zafi, albasa da dankali da ƙwai na satin farko-farko. Risho ɗin ma a rataye yake yana lilo don tukunya ta tsaya daidai ko jirgi ya kwanta gefe, kuma duk da haka ƙunar ruwan zafi na cikin raunin da suka fi tsoro. A ruwa mai ɗumi da safe sai ka tarar da kifaye masu tashi sun faɗo kan jirgi cikin dare, wasu sun riga sun sandare, ka tattara ka soya.

Maganar ciwo kuwa haka take. Abhilash Tomy, sojan ruwan Indiya, a gasar zagaye duniya ta mutum ɗaya a jirgi ta 2018 guguwa ta kifar da jirginsa a kudancin tekun Indiya, sandar ta karye, bayansa ya samu mummunan rauni, ya kwana uku kwance ko motsi ba ya iyawa kafin wani jirgin Faransa ya iso gare shi. Aka yi masa aiki a ƙashin baya. Mutumin nan ya warke ya sake shiga gasar 2022 ya zo na biyu.

Maman Iklima:
Ya sake komawa. Allah ya ba matarsa haƙuri, ni dai ita nake ji

Ɗan Dadin Kowa:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni a bakin dam na tashi, babanmu masunci ne. Gaskiya ruwanmu ba teku ba ne amma wanda bai taɓa kasancewa a kwale-kwale iskar hadari ta taso ba ba zai gane ba. Da yamma ruwa lumui kamar ba zai yi komai ba, sai ka ga gabas ta yi baƙi, tsuntsaye sun watse, kafin ka naɗe koma iska ta iso, ruwa ya fara dukan gefen jirgi yana zubowa ciki, hannu ɗaya na kwarfe ruwa da ƙwarya ɗaya na riƙe filafili, bakin gaɓa kana ganinsa amma ya ƙi matsowa. Mu muna ganin gaɓa ke nan fa.

Abin da nake so in ce wa Hajiya, waɗancan mutanen da nake gani a bidiyo ɗaure suke da igiya a ƙirji an maƙala ta a jikin jirgi, ga rigar ceto, ga na'urar da idan ta shiga ruwa take kiran tauraron ɗan'adam ta faɗi inda suke, ga ƙaramin jirgin roba na ko-ta-kwana. Mu kuma a nan ranar kasuwa za a loda mutum a kan mutum da buhuna da babur da awaki a jirgin katako ɗaya, babu rigar ceto ko guda, mata da goyo. Duk damina sai mun ji labari daga Neja ko Kebbi ko Taraba. To tsakanin su da mu wa ya fi ganganci? Ni ban ce su yi daidai ba, amma sun ɗauki ruwa da girmansa.

Maman Iklima:
Ƙanina ai mai shiga jirgin kasuwa dole ce ta sa shi, babu gada babu hanya. Laifin na masu loda jirgin ne da hukuma. Shi wancan wace dole?

Ɗan Dadin Kowa:
Dole ce ta sa shi shiga, amma ba dole ce ta hana shi saka riga ba Hajiya, an sha rabawa wasu su ce zafi, wasu su ce ai sun iya iyo, wasu su ce in kwana ya ƙare ya ƙare

Baba Na Fatakwal:
Iya iyo ba ya aiki a teku. Ga mai tafiya shi kaɗai faɗawa ruwa shi ne ƙarshe, domin allon nan da na ce yana riƙe sitiyari bai san ka faɗi ba. Jirgi zai ci gaba da tafiyarsa kilomita goma a awa, babu ɗan'adam da zai kamo shi da iyo, kana kallon shi yana tafiya. Shi ya sa igiyar ƙirjin nan ko fitsari za ka yi a gefe sai da ita.

Auta:
Ni fa wani abu ke damuna a maganar nan. A Nuwamban 2022 ƴan Najeriya uku suka zauna a kan ƙarfen juya jirgi na wata tanka, can ƙasa dab da ruwa, kwana 11 daga Legas har Las Palmas a tsibiran Kanari na Sifaniya. A 2023 wasu huɗu suka yi kwana 14 a irin wurin, suna zaton Turai za su, suka tsinci kansu a Brazil, abincinsu ya ƙare har ruwan teku suka sha. Babu igiya babu sola babu komai. Su ana ce musu ƴan ci-rani marasa hankali, Bature kuma ya yi a jirgin miliyoyi sarauniya ta ba shi lambar girma. Waye jarumin a ciki?

Abban Sultan, Pantami:
Auta tambayarka mai nauyi ce kuma ba zan raina wahalar bayin Allahn nan ba, ƙarfin zuciya kam suna da shi fiye da kima. Amma bambancin da nake gani, su ba su da iko da komai, ba su san ma inda jirgin ya dosa ba, rai kawai suka miƙa. Shi mai ƙyalle sana'a ce ya koya shekaru. Dubi mai ƙetare Atlantika daga tsibiran Kanari zuwa Karibiyan, tafiyar kusan kilomita 5,000, sati uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sai ƙarshen Nuwamba ko Disamba saboda daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin manyan guguwa ne a can. Ba ya miƙewa yamma kai tsaye, sai ya gangara kudu wajen tsibiran Kef Bad har ya samu iskar arewa maso gabas mai kaɗawa ba fashi, sannan ya juya ta tura shi ta baya. Ya san kusa da ikwaita akwai yankin da iska ke mutuwa mutum ya yi kwanaki ƙyalle na lilo ga zafi. Kuma wannan iskar da ruwan da ke gangarawa yamma su ne suke kwashe kwale-kwalen ƴan ci-rani na Senegal da Muritaniya idan inji ya mutu suka kuskure Kanari, a 2021 an tsinci ɗaya a Tobago can Karibiyan duk na ciki sun rasu. Iska ɗaya ce, wani ta kai shi inda ya nufa, wani ta kai gawarsa. Ni abin da ke burge ni ke nan, ilimin da shirin, ba wai kasadar ba.

Kuma ba Turawa kaɗai ba ne da teku. Larabawa suna da Ahmad bin Majid a ƙarni na 15, gwanin hanyoyin tekun Indiya da taurari. Mansa Musa ma da ya biya ta Masar a 1324 ya ba da labarin cewa sarkin Mali da ya gabace shi ya tura jirage 200 cikin Atlantika, ɗaya kawai ya dawo, sai ya haɗa 2,000 ya tafi da kansa bai dawo ba. A zamaninmu Neal Petersen, baƙar fata ɗan Afirka ta Kudu, ya yi gasar zagaye duniya shi kaɗai a jirgin da ya ƙera da hannunsa.

Ummi Nas:
Namu ma akwai Harrison Okene, kukun jirgin da ya kife a ruwan Delta a 2013, kusan awa 60 a ƙasan teku mita 30 cikin duhu a ɗan wurin da iska ta maƙale, masu nutso sun je ɗebo gawa ya kama hannun ɗaya. Ba tuƙi yake ba amma kaɗaici a ruwa dai ya ɗanɗana wanda ya fi na kowa

Malam Na Bolari:
Allahu akbar. Duk wanda ya karanta siffar duhun teku a suratun Nur, igiya bisa igiya bisa girgije, har mutum ya fitar da hannunsa bai kusa ganinsa ba, ya ji labarin nan sai jikinsa ya yi sanyi.

Maman Iklima:
Malam Abban Sultan na ji bayaninka, shiri kam akwai. Amma idan abu ya ɓaci wasu ne ake tasowa su saka nasu ran a haɗari don ceto wanda babu wanda ya aike shi. Wannan fa?

Baba Na Fatakwal:
Hajiya wannan ƙorafin ko a ƙasashensu ana yinsa, musamman a Ostireliya da sojan ruwansu suka sha tafiya can kudu mai nisa, kamar 1997 da suka ciro Tony Bullimore bayan ya yi kwanaki a cikin jirginsa da ya kife. Amma dokar teku ita ce duk wanda ya ji kiran neman agaji kuma zai iya zuwa dole ya je, ba a tambayar me ya kai ka, da ɗan ci-rani da mai gasa duk ɗaya. Kuma a can kudu sau da yawa wanda ya fi kusa da kai abokin gasarka ne. Akwai wuri a kudancin Fasifik da ƙasa mafi kusa take kilomita 2,688, ƴan sama jannatin da ke tashar sararin samaniya idan suka gifta ta sama sun fi kowa kusa da kai. A Nuwamban 2022, a gasar nan da Abhilash Tomy ya zo na biyu, jirgin wani dattijo ɗan Finland, Tapio Lehtinen, ya nitse cikin mintuna a tekun Indiya, ya koma jirgin roba. Kirsten Neuschäfer ƴar Afirka ta Kudu, ita ma ita kaɗai ce a nata jirgin, ta bar hanyarta ta kwana tana tuƙi ta same shi washegari, ta ɗauke shi ta miƙa shi ga wani jirgin dakon kaya ta koma gasarta. A Afrilun 2023 ita ce ta zo ta ɗaya, cikin su 16 da suka tashi uku ne suka gama ba tsayawa. Kuma a wannan gasar ba a amfani da GPS wajen neman hanya, da na'urar auna tsayin rana da agogo da taswirar takarda ake yi kamar 1968.

Maman Iklima:
To wannan juyawar da ta yi ita ce jarumta a wajena, Allah ya saka mata. Zagayen kuma har yanzu ina nan a kan bakana. Ɗana ya zo min da wannan magana ba zan sa albarka ba

Mai Daf, Ashaka:
Baba wata tambaya kuma. Na ga an ce wani Bafaranshe François Gabart ya zagaye a kwana 42 a 2017, wancan kuma 312. Hanya ce daban ko yaya? Kuma ina ne ya fi haɗari a duk tafiyar, Kef Hon ɗin da ake ta faɗa?

Baba Na Fatakwal:
Hanya kusan ɗaya ce, a gangara Atlantika, a bi ta ƙasan Afirka ta Kudu, ƙasan Ostireliya, ƙasan Kudancin Amurka a hauro gida. Jirgin ne daban, na Gabart mita 30 ne mai gangar jiki uku, mara nauyi, yana gudun da ya ninka na Suhaili sau da yawa, ga masana yanayi a ƙasa suna gaya masa inda iska take ta tauraron ɗan'adam. A irin wannan gudun barcin ma ya fi wuya saboda ƙara da jijjiga, kuma kuskure kaɗan jirgi ya kife ba ya tashi.

Kef Hon, ƙarshen Kudancin Amurka ta kudu, sunansa ba a banza ba, a can babu ƙasar da ke tare iska, igiya tana zagaye duniya tana girma sannan ta zo ta matse tsakanin Kudancin Amurka da Antatika inda ƙasan teku ya ɗago, ga sanyi ga ƙanƙara. Amma ka tambayi duk wanda ya yi aikin ruwa, inda ya fi sa mu buɗe ido shi ne kusa da ƙasa. A tsakiya idan guguwa ta zo kana da fili, ka rage ƙyalle ka rufe ƙofa ka bar jirgi ya gudu gaban iska. Kusa da gaɓa kuwa ga duwatsu, ga ragar masunta, ga manyan jirage na shige da fice, kuma lokacin ne mutum ya fi gajiya, ya hango fitilun gari zuciya ta saki ta ce an iso. Da yawa a nan suke rasa jirgi bayan sun gama mai wuyar, agogon minti ashirin ya buga bai ji ba. Masu hankalinsu idan lissafi ya nuna za su iso tashar da ba su sani ba cikin dare, rage gudu suke tun da nisa ko su juya hancin jirgi waje su jira, su yi barcinsu tun suna da fili, sai rana ta fito sannan su shiga.

Mai Daf, Ashaka:
Wato ka hango gari bayan sati huɗu ka kuma juya baya ka jira safiya. To kafin ya shiga tashar wa yake sanarwa, ko haka kawai zai shigo ƙasar mutane?

Baba Na Fatakwal:
A'a, zai kira hukumar tasha ta rediyo, ya ɗaga tuta ruwan ɗorawa alamar daga waje yake bai yi kiliya ba, ba zai yi yawo a gari ba sai kwastan da imigireshan sun buga masa fasfo. Idan ya sauka kuma ƙafa ba ta ɗaukarsa daidai, ƙasa yake ji tana lilo, wani sai an riƙe shi, yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyarsa ta daidaita.